Labarin Kujerar Saƙar Kwagiri da Yadda Ta Zaga Duniya

Da aka ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa domin wannan ɗan littafi na tunawa da ma'aikatan En'e, na tabbata waɗansu za su ɗauki labarin sarakuna da hakimai, waɗansu na Baitulmali, waɗansu kuma na haraji da jangali. Ni sai na zaɓi abin da aka zauna a kansa aka rubuta waɗannan abubuwa, watau kujera, irin wadda mazauninta da majinginarta saƙa ce ta ɓawon kwagiri, mai 'yan idanu jere kamar saƙar zuma. Da wuya a sami wanda ya daɗe yana shiga ofisoshin da, ko barikin sauka, bai taɓa ganin irinta ba, ko da a jingine a ɗakin ajiya, tsakiyarta ta ɓurme, ƙura ta lulluɓe ta. Ina roƙon dattawa su yi mini haƙuri su ji asalinta, gama labarin ya daɗe yana yawo a ƙasashen nesa kafin ya iso mu, kuma in na kai ƙarshe akwai wata bukata da zan gabatar.

Shi dai kwagiri dangin dabino ne da giginya, ko da yake wanda ya gan shi a kurmi ba zai yarda da haka ba. Ba ya iya tsayuwa da kansa. Yana da ƙayoyi masu lanƙwasa kamar ƙugiya, da su ya ke kama manyan itatuwa ya hau neman rana, har wani ya kan wuce ƙafa 300 a tsawo, alhali kaurinsa sau da yawa bai wuce na sandar hannu ba. Cikinsa a cike ya ke, ba kamar gora ba mai rami. Akwai shi a kurmin Nijeriya ta kudu da Kamaru da Gana, amma wanda fatake suka cika duniya da shi daga ƙasar Malaya ya fito, da tsibiran Borniyo da Sumatara da maƙwabtansu. Mutanen wajen, waɗanda alhazanmu su ke haɗuwa da su a Makka suna ce musu mutanen Jawa, rotan su ke kiransa, daga bakinsu kuma Turawa suka ɗauki sunan. A kan sare shi daga gindi, a jawo shi ƙasa da ƙarfin tsiya, a ɗaye kuben nan mai ƙaya, a shanya shi, sa'an nan a tsaga ɓawonsa mai santsi siriri siriri kamar zare mai faɗi. Wannan ɓawo shi ne abin saƙa.

Yadda a ke saƙar kuwa ga shi. Kafinta ya kan huda katakon mazauni a kewaye, huda bayan huda, tazararsu daidai. Masaƙi ya jiƙa tsagar kwagiri ta yi laushi, ya zura ta a hudar baya ya jawo ta zuwa ta gaba, ya danne da ɗan tsinke don kada ta sassauta, ya bi haka har ya cika. Sa'an nan ya gicciye daga hagu zuwa dama. Ya sake bin gaba da baya karo na biyu, ya sake gicciyewa yana sa wata bisa wata ƙarƙashi. Daga nan sai ya shiga ta kusurwa, ya ratsa a karkace, ya komo ta ɗaya kusurwar ya ratsa. Zubi 6 ke nan, su ne ke fid da idon nan mai kusurwa 8. In ta bushe sai ta ɗaure tam kamar fatar kalangu. Har yau masu wannan sana'a a Ingila da Amurka da yawan huda su ke yanka lada, kamar yadda a ke biyan marubuci da yawan shafi.

To, yaya aka yi ɓawon itacen kurmi ya haɗu da kujerar Bature? A shekarar 1498 Vasco da Gama, mutumin Fotugal, bayan ya kewaya Afirka ta kudu, ya sauka Kalikut a ƙasar Hindu. Mutanensa suka ci Gowa a 1510, suka ci Malaka a 1511. Da suka zauna sai suka tarar da mutanen ƙasar, talaka da basarake, yawancinsu a ƙasa su ke zama bisa shimfiɗu da matasai, ko bisa 'yan gajerun gadaje, kamar dai yadda kakanninmu su ke. Bature kuwa bai iya cin abinci ko rubutu ba sai ƙafarsa tana rataye. Kujerun da ya zo da su daga gida, masu cushe da gashi da rufin ulu, ba su yi ƙarko ba: zafi ya hana a zauna musu, laima ta ruɓar da su, ƙwari suka yi gida a ciki. Sai ya kira masassaƙan ƙasar, ya nuna musu siffar da ya ke so, su kuma suka sassaƙa da itacensu, suka saƙa mazaunin da abin da suka saba saƙa gadajensu da shi. Siffa ta Bature, itace da saƙa da gwaninta na mutanen gabas. Haka wannan kujera ta samu.

Bayan Fotugal sai Ingilishi da mutanen Holan suka biyo. Ingilishi suka kafa kamfaninsu na cinikin gabas a 1600, mutanen Holan suka kafa nasu a 1602, suka gina birnin Batabiya a tsibirin Jawa a 1619, wanda yau a ke kira Jakarta. Kafin 1658 ta ƙare sun kori Fotugal daga tsibirin Silan, watau Sarandib na littattafan Larabawa. A waɗannan wurare, da gaɓar Koromandel ta gabashin Hindu, aka yi waɗansu kujeru da har yau ba a fi su kyau ba. Da baƙin itace a ke yinsu, ɗan'uwan kanyarmu, mai nauyi da tauri har ya kan dakushe kurfi. A murɗa ƙafafun kamar igiya, a zane jikin da furanni da tsuntsaye, wani lokaci a dasa hauren giwa, a saƙa mazaunin da kwagiri. Akwai kuma wata mai kewaye, mai ƙafa 6, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan kujerar magajin gari. Amma fa a sani, da yawa daga masu wannan aiki a Batabiya bayi ne da kamfanin ya kwaso daga gaɓar Hindu, sau da yawa a shekarun yunwa, sa'ad da mutum ba ya tsada, ya zuba su a unguwar masu sana'a. Sunan gwamnan da ya zauna a kujera yana nan cikin littattafai, na wanda ya sassaƙa ta ba a rubuta ba.

Yanzu sai mu nufi Ingila, inda aka yi shari'ar da ta sa na ɗauki wannan labari tun farko. Sarki Charles na Biyu ya komo gadon sarauta a 1660, bayan ya yi shekaru yana gudun hijira a Faransa da Holan, idonsa ya saba da kayan ƙawa na can. A 1662 ya auri Catherine, 'yar Sarkin Fotugal, aka haɗa masa da garin Bambai na Hindu da Tanja ta Maroko cikin gararta. Mutane su kan ce ita ta kawo wa Ingila kujerar kwagiri. Ni dai a ganina an ba amarya abin da ya kamata a ba jiragen fatake, gama kujera ɗaya ta gidan sarki ba ta zama sana'a sai in ana sauke kwagiri dami dami a bakin kogi. Masu sana'ar da kansu sun ce wajen 1664 aka fara yinta a ƙasar.

Ana nan sai ga gobara. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a Landan, ta yi kwana 4 tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. Da aka sake gini sai kowane maigida yana neman abin zama, da yawa, da sauri, da araha. Kujerar kwagiri ta dace da wannan bukata sarai. Masu yinta suka taru a unguwar da ke kewaye da babbar majami'ar St Paul, suka raba aikin hannu hannu: wannan ya murɗa ƙafafu, wancan ya yi zane, wani ya harhaɗa, wani ya saƙa. Mai kuɗi a yi masa da itacen walnat, mai ƙaramin ƙarfi a yi masa da bici a shafa baƙi ya yi kamar na gabas. A bayan waɗansu har yau a kan ga haruffa biyu da aka buga da ƙarfe, alamar ma'aikacin da ta bi ta hannunsa. Saƙar farko manyan idanu gare ta. Da hannu ya faɗa sai idanun suka yi ta ƙanƙancewa.

Abin da ya faranta wa wani rai ya ɓata wa wani. Kafin zuwan kwagiri, kujerar mai rufin asiri a Ingila da saƙar ulu a ke rufe ta, mai kwaikwayon dardumar Santambul. Ulu kuwa a ƙasar nan tasu shi ne gyaɗa, shi ne auduga, shi ne fata, duk a haɗe. Don ku san girmansa, a 1666 aka yi doka, aka ƙarfafa ta a 1678, cewa ba za a yi wa mamaci likkafani ba sai da ulu, sai kuma an yi rantsuwa an shaida haka, wanda ya saɓa tararsa fam 5. Har wa yau shugaban majalisar manyansu a kan matashin da aka cusa wa ulu ya ke zama. Saboda haka wajen 1689 masu saƙar ulu da masu rufa kujeru suka kai kuka majalisa, suka nemi a hana yin kujerar kwagiri ɗungum. Hujjarsu ita ce, dubban talakawa da ke ci daga kaɗi da saƙa da rini sun rasa abin yi, kuɗin ƙasa kuma yana fita waje sayen ɓawon itace.

Masu kwagiri ba su yi shiru ba, suka buga tasu takarda. Suka ce kujerarsu ba ta da nauyi, tana da ƙarko, ba ta tara ƙura, asu ba ya cinta. Suka ce su ma talakawa ne ke ci daga gare ta, masu tsaga katako da masu murɗawa da masu zane da masaƙa. Suka ƙara da wadda ta fi duka nauyi a kunnen majalisa: a faɗarsu, fiye da dozin 2,000, watau kujera 24,000, a ke fitarwa kowace shekara zuwa ƙasashen zafi, inda ba mai sayen kujerar ulu ko da an ba shi da rangwame. Dokar hanin ba ta wuce ba. Wanda ya saba zama yana rubuta ƙara ya san irin wannan shari'a: kowane ɓangare ya sa talaka a gaba kamar garkuwa, alhali abin da a ke ja a kai kasuwa ce. Amma ko da aka cire wannan, ina ganin an yi daidai, gama mai ƙara bai nuna an cuce shi ba, ya nuna dai an fi shi. Dubi kuma ikon Allah. Abin da aka ƙago a ƙasar zafi domin Bature, ga shi Bature yana yinsa a ƙasar sanyi yana mayar wa ƙasar zafi.

Abin da majalisa ta kasa, yayi ya yi shi. Wajen 1700 aka shiga gasar tsawon majingina, aka ƙara mata tsawo aka rage mata kauri, aka daina shigar da katako cikin katako a waɗansu gaɓoɓi aka koma sokawa da turu. Kujera ta yi kwarjini a jikin bango, amma ƙato ya jingina da ƙarfi sai ta saki. Ta bici kuma ƙwaro ya kan huda ta ya mai da ita gari. Kafin 1730 manyan Landan sun juya mata baya, sai wajen ƙarshen ƙarnin ta sake dawowa cikin wata siffa mai sauƙi.

Ga wani abin dariya da ya biyo baya. Horace Walpole, ɗan firayim ministan Ingila na farko, mutum ne mai son tara kayan da. A 1763 ya je gwanjo ya sayi baƙaƙen kujerun nan na gabas, ya kai gidansa na Strawberry Hill, ya tabbatar wa kansa da baƙinsa cewa aikin Ingilishi ne na zamanin Tudor, irin na gidan Kadinal Wolsey wanda ya mutu tun 1530. Da yake babban mutum ne ya faɗa, sai maganar ta zauna, aka yi ta maimaita ta shekaru da yawa bayan mutuwarsa, ana zana kujerun Koromandel cikin hotunan sarakunan Ingila na da. Abin da ya ja shi cikin kuskure, ba wata takarda tare da kujerun da ta faɗi inda aka yi su. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Itacen ma ya sake. Sanyin 1709 ya kashe itatuwan walnat masu yawa a Turai, Faransa ta hana fitar da nata a 1720. A 1721 majalisar Ingila ta ɗauke kuɗin fito daga katakon da ke zuwa daga ƙasashen da ta mallaka a Amurka, sai mahogani na tsibirin Jamaika ya cika kasuwa, daga baya na gaɓar Honduras. Itace ne ja, mai ƙarfi, mai karɓar zane, dangin maɗacinmu. A nan labarin ya taɓa mu tun kafin mu san da shi, gama waɗanda suka shiga kurmi suka kayar da waɗannan itatuwa, suka ja su da shanu zuwa bakin rafi, bayi ne da aka kwasa daga Afirka ta yamma. Har waɗansu masana suna zaton sunan mahogani daga oganwo ya fito, sunan da Yarbawa ke kiran irin wannan itace, ko da yake waɗansu ba su yarda ba. A gonakin rake na tsibiran nan, da gonakin shayi na Hindu da Silan daga baya, aka saba da wata doguwar kujera mai kwantacciyar majingina ta kwagiri, hannuwanta dogaye har sun wuce gwiwa, domin maigona ya ɗora ƙafafunsa in ya dawo daga kewaya, bara ya zare masa takalma. Wanda ya dubi siffarta ya san wa ke hutawa, wa ke tsaye.

Sauran wurare kowa ya yi da abin da ya samu. A Kef ta Afirka ta kudu, inda mutanen Holan suka sauka a 1652, kwagiri sai an kawo shi ta jirgi, don haka manoman karkara suka saƙa mazauni da tsagar fata. A Boston ta Amurka kafintoci suka sayi na Landan suka kwaikwaya, suka shiga sayar wa sauran garuruwan gaɓa.

Sa'an nan zamanin inji ya zo, da mutum biyu. Na farko Cyrus Wakefield, ɗan kasuwa a Boston. Jiragen da ke zuwa daga gabas su kan cusa kwagiri tsakanin kaya don kada su gogi juna, in an sauke a yar da shi a bakin ruwa. Shi ya fara sayen wannan juji, ya sayar wa masu kujeru, daga baya ya kafa masana'anta a garin South Reading, ya yi arziki har a 1868 aka sake wa garin suna aka sa nasa. A wannan yanki ne kuma aka ƙago injin da ke saƙa kwagiri kamar yadi, a yanko, a danna gefensa cikin kwarin da aka fafe a katako, a toshe da siririn itace da gam. Na biyu Michael Thonet, Bajamushe mazaunin Biyana. Shi ya gano yadda za a turara sandar bici da tururi ta yi laushi, a lanƙwasa ta cikin ƙarfe, ta bushe a haka. A 1859 ya fitar da kujerarsa mai lamba 14: guntun itace 6, sukuru 10, noti 2, da mazauni na kwagiri. Ba a haɗa ta sai ta isa inda za ta. Guda 36 su ke shiga akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗaya ɗaya ne. An ƙiyasta cewa kafin 1930 an sayar da miliyan 50. Ba tashar jirgin ruwa da ba ta sauka ba, daga Iskandariya har Rio.

Kada a ɗauka kujera abin hutu ce kawai a mulkin Turawa. A Hindu har takardar shaida a ke ba mutum, a ce masa kursi nashin, ma'ana wanda ya cancanci a ba shi kujera in ya zo ganin jami'in gwamnati. Wanda ba shi da wannan takarda, komai dukiyarsa, ba shi da ikon neman a ba shi wurin zama. Kalmar kursi kuwa ita ce kursiyyu ɗin da malamanmu suka sani.

Mu a nan, da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar muna da namu tsari. Sarki yana bisa karaga, alƙali da malami bisa buzu ko darduma, fadawa a ƙasa, kujera kuwa 'yar gajeruwa ce da masassaƙi ke fafewa daga kututture ɗaya, yawanci ta mata a bakin murhu. Razdan da Di'o na farko da kujerun naɗewa suka zo, na zane ko fata, waɗanda 'yan alaro ke ɗauka a ka in an fita rangadi. Mafi shahara cikinsu an sa mata sunan Rurki, wani garin soja a Hindu. Da aka zauna aka gina ofisoshi sai bukata ta ƙaru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya masu nauyi suka sami hanya, kafintoci daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas suka biyo shi suka zauna a Sabon Gari. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a inda a ke koyar da aikin katako, bayan haka kuma yadin En'e na lardi lardi ya zama wurin da 'ya'yanmu suka koyi riƙon zarto. Harshenmu ma shaida ne: tebur da benci da kabad da kafinta duk baƙin kalmomi ne, amma kujera tamu ce, tsawo kawai aka ƙara mata, da girma, har ya zama in an ce wane ya sami kujera kowa ya san ba ta bakin murhu a ke nufi ba. A lokacin nan kuma gungumen mahogani na kurmin Binin da Safele yana bin ruwa zuwa Libaful, wani ya komo mana a siffar kujera da tebur da tsadar da ta ninka.

Saura labari ɗaya, shi ne dalilin bukatata. Da aka raba Hindu da Pakistan a 1947, birnin Lahor ya faɗa wa Pakistan, sai Hindu ta gina wa lardin Panjab sabuwar hedkwata, Candigar. Cikin masu tsara ta akwai Pierre Jeanneret, mutumin Suwizalan, wanda ya zauna can daga 1951 zuwa 1965. Shi da abokan aikinsa 'yan ƙasar, cikinsu har da wata mace, Eulie Chowdhury, suka tsara kujerun ofisoshi da na jami'a da na babbar kotu, na itacen tik da saƙar kwagiri, kafintocin gari suka yi su dubbai. Shekaru suka wuce, saƙa ta ɓurme, ma'aikata suka fi son sababbin kujeru na ƙarfe da soso. Aka tara tsofaffin a bayan ofisoshi da kan soraye, rana da ruwa suna dukansu, aka yi gwanjon waɗansu a kuɗin itacen wuta. Dillalai daga Turai suka zo suka saya, suka gyara, suka kai Faris da Landan da Niyok, inda kujera ɗaya ta kan tashi a dubban daloli. Sai a 2011 gwamnatin Hindu ta hana sayar da su da fitar da su, bayan da yawa sun riga sun haye teku. Shi kansa kwagirin ya yi tsada, gama kurmi yana raguwa, Indunusiya kuma ta hana fitar da ɗanyensa tun farkon 2012.

Ban ce kujerun yadin En'e za su yi irin wannan kuɗi ba, ba kuma don kuɗi na kawo maganar ba. Tun da aka sauya En'e da ƙananan hukumomi a 1976, kayanta suka rarrabu tsakanin fada da sakatariya da kotuna da gidajen magada, kowace shekara kuma gara tana cin rabonta. Bukatata ga wanda irin wannan kujera ke hannunsa ita ce, kafin ya ba da ita a hura wuta, ya kifa ta ya dubi ƙarƙashinta. In ya ga huda jere a kewayen katako, tsagar kwagiri tana shiga tana fita, saƙar hannu ce. In kwari ya gani a sama an toshe shi da siririn itace, ta inji ce, ba ta kai waccan wahalar yi ba. Ya duba ko akwai lamba ko haruffa da aka buga ko aka rubuta da fenti, kada ya kankare su, kada kuma ya lulluɓe itacen da sabon fenti. Mazaunin da ya ɓurme ba abin damuwa ba ne, dama ana sake shi. Masaƙan kwagiri suna nan a Ikko da sauran garuruwan kudu, aikin 'yan kwanaki ne. Kada dai a buga falanki a kai da ƙusa, gama ƙusa tana tsaga katakon tsakanin huda da huda, in ya tsage kuwa saƙa ba ta sake kamawa. A ɗaga ƙafafunta daga ƙasa, a raba ta da jikin bango saboda gara, in hunturu ya tsananta a shafi bayan saƙar da jiƙaƙƙen tsumma don kada ta bushe ta karye.

Sa'an nan a sami dattijon da ya yi aiki a wannan ofis, tun yana da rai, a tambaye shi: a ina aka yi ta, wane kafinta ne, wace shekara, wa ya zauna a kanta? A rubuta amsar a takarda biyu, ɗaya a liƙa a ƙarƙashin mazauni, ɗaya a sa a littafin kaya, a fara da sunan kafintan kafin na mai zaman. Haza wasalam.